Kawu da Tipa Uku ta Yashi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu komawa ranar wata Talata a tsakiyar damina, ana yayyafi, bayan ya yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti. Kafin azahar aka sallace shi a ƙofar gidansa a Kurmin Mashi, aka kai shi makwancinsa.

Masu ta'aziyya sun zo iri-iri. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar da ya yi wa akawu kafin ya yi ritaya suka baje a kan tabarmi, suna tuna ranar da ya hana su tashi daga ofis saboda kwabo biyu da suka ɓace a lissafi. Masu sayar da siminti da rodi suka zo cikin manyan riguna, suka yi addu'a, ɗayansu ya girgiza kai ya ce, "Wallahi mutumin nan ya wahalar da ni, amma bai taɓa cin sisina ba." Leburori kuwa ba su shiga rumfa ba. Suka tsaya daga bakin kwata, ƙafafunsu duk taɓo, suna shafa fatiha daga nesa. Da na fito zubar da ruwa na ji ɗaya yana tambayar ɗan'uwansa a hankali, "To yanzu ranar Juma'a wa zai biya mu?"

Wajen la'asar babban maginin mahaifina ya shigo gai da Umma. Dattijo ne Kirista daga kudancin Kaduna, sun fi shekara ashirin suna aiki tare da Kawu. Ya cire hularsa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Mama, Ubangiji ya ba ku haƙuri. Ni ma ubana ne ya tafi." Da ya ɗago ya gan ni, sai ya sunkuyar da kai, ya fita.

Mata suna ta nuna ni suna cewa, "Ku dubi yarinyar nan, rashin kawunta ya taɓa ta, har rawa jikinta yake yi." Baƙin ciki kam ina cikinsa. Amma rawar jikin ta tsoro ce. Mu huɗu ne muka san takamaimai cewa benen makarantar firamare da mahaifina ya gina a bayan Kawo ba shi da lafiya, ga shi mun binne ɗaya. Saura mahaifina, da magini, da ni. Saura kuma mako biyar a buɗe makaranta, yara su shiga su zauna a ƙarƙashinsa.

Ina son in rubuta Kawu yadda na san shi, kafin a mayar da shi addu'ar layi biyu.

Mahaifina, wanda muke kira Abba, ɗan kwangilar gini ne. Kawu ne mai riƙe masa littattafan lissafi, a wani ɗan ɗaki da ke gaban gidanmu a Unguwar Sarki, mai tebur ɗaya da kabad na ƙarfe da fanka mai kukan tsufa. Abba yakan ce, "Ni ne injin motar nan, Malam shi ne birki." Yana faɗa yana dariya, amma ba kullum dariyar take kai wa ciki ba.

Ni sunan kakata na ci, wato mahaifiyar Kawu, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min. Shekarar da na gama sakandare ina jiran jami'a, yanar ido ta fara rufe masa gani, lambobi suka riƙa haɗe masa. Wata safiya ya leƙo cikin gida ya ce, "Uwata, zo ki ara wa ɗanki idonki." Daga ranar na zama mai karanta masa rasit da rubuta abin da ya faɗa.

Kowane aiki da littafinsa. Ko ƙusa aka saya, sai ya ji aikin da za ta shiga kafin ya bari a rubuta. Ranar da aka biya kuɗin kafin alƙalami na sabuwar kwangila, gidanmu yakan cika da 'yan taya murna, a yanka kaji, Abba ya yi ta rabon kuɗi. Kawu zai zauna a ɗakinsa ya haɗe rai kamar an aiko masa da mutuwa. In Abba ya leƙo ya ce, "Haba Malam, ko murmushi?" sai ya ce, "Alhaji, wannan fa ba riba ba ce. Gini ake binka, ko tubali ɗaya ba ka aza ba."

Yana da wata al'ada da duk leburorin Kaduna suka san shi da ita. Buhun siminti na takarda, in an juye, ba a yar da shi. A ɗaure goma-goma a kawo masa, ya ƙirga ya gwada da rasit. Sai ya gama yake mayar wa leburori su kai wa masu tsire a tashar Kawo, su sami na goro. Suna yi masa tsiya, "Malam, ga gawarwakinka mun kawo, a yi musu salla." Shi kuma ya ce, "Ku jera su sahu-sahu, marasa kunya."

Na taɓa karanta masa wata waƙa da na rubuta a kan kogin Kaduna, inda na ce taurari dubu sun sauko wanka a cikinsa. Ya saurara har ƙarshe da idanunsa a rufe. Ya ce, "Ta yi daɗi, Uwata. Amma dubun nan, ƙirgawa kika yi ko ji kika yi an ce?" Na yi fushi na kwana biyu. A rana ta uku na tarar da sabon littafi mai kauri a kan teburin, ya ce na waƙa ne, kada in kuskura in sa lamba ko ɗaya a ciki.

Akwai wata bazawara mai sayar wa leburori shinkafa da wake a wajen aiki. Bashi suke ci sai ranar biya, ita kuma ba ta yi boko ba, da gawayi take jan layi a jikin bangon da ake ginawa, kowa da kusurwarsa. Wata rana ta je ɗebo ruwa, kafin ta dawo magina sun shafe bangon da filasta. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, jarinta kaf yana ƙarƙashin siminti. Kawu ya sa aka kawo masa bulo ya zauna, ya riƙa kiran leburori ɗaya bayan ɗaya. "Kai, kwano nawa?" In mutum ya ce huɗu, sai ya tsare shi da ido ta saman tabarau, har mutumin ya ce, "To, shida ne, da ƙarin nama sau ɗaya." Ya cire mata kuɗinta ranar Juma'a, ya saya mata littafin kwabo, kuma tun daga nan shi yake yi mata lissafi duk mako, bai taɓa karɓar ko lomar shinkafa ba.

Sai shekarun nan suka zo da naira ta faɗi. Farashin siminti ya riƙa hawa kamar ana kora shi. Abin da ka saya ranar Litinin, ranar Alhamis sai ka ƙara kuɗi. Abba yana da aiki biyu a hannu, duka an yi cinikinsu tun kaya suna da araha: benen makarantar nan mai aji shida, uku a ƙasa uku a sama, da gidan wani ɗan kasuwa a unguwarmu. Masu makaranta suka riƙe biya na biyu, kullum a ce takarda tana kan teburin wani. Ɗan kasuwa ya ce ba zai ƙara sisi ba sai ya ga filasta da daɓe. Banki kuma yana aiko da wasiƙa a kan bashin da yake bin Abba. Na sha ganin Abba zaune a mota a ƙofar gida, ya kashe inji, ya kasa fitowa.

Ranar da aka zuba dekin na makaranta, wato rufin kankare da zai zama daɓen azuzuwan sama, Kawu yana kwance da zazzaɓi. Bai taɓa fashin ranar zuba dekin ba sai wannan.

Bayan mako guda ya dawo aiki, ya rame. Muka buɗe littafin makaranta. Na karanta masa: siminti buhu ɗari biyu da arba'in, ga rasit. Buhunan da aka juye, ɗauri ashirin da huɗu, ga su jere a bayan ƙofa. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, sun cika. Ya ce madalla. Na ci gaba da takardun direban tipa.

"Yashi, tipa tara."

"Nawa?"

"Tara, Kawu."

"Sake dubawa, Uwata."

Na sake ƙirga takardun, tara ne. Ya riƙa motsa leɓe yana lissafi. Buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Wannan awon ya fi sunansa zama a bakinsa. Ya ce, "Shida ya kamata. Tipa uku ina suka shiga?"

Na ce ko ruwan sama ne ya wanke.

"Ruwa ba ya wanke tipa uku a kwana biyu. Ɗauko min littafin gidan ɗan kasuwa. Karanta min na watan nan."

Na karanta. An biya magina kuɗin filasta. An biya kuɗin daɓe. An sayi yashi mai laushi.

"Siminti fa?"

Na bi shafin da yatsa har ƙasa, na juya baya. Babu.

"To da me suka yi filastar? Da koko?"

Ban taɓa jin sanyi irin na wannan lokacin ba, ga rana tana dukan kwanon rufi. Na gane kafin ya faɗa. An kwashi simintin makaranta an gama gidan ɗan kasuwa da shi, an dawo da buhunan da aka juye don ƙirgar Kawu ta cika, an kuma cike gurbin a dekin da yashi. Wanda ya shirya abin ya tuna da rasit, ya tuna da buhu. Takardar direban tipa ce bai tuna da ita ba.

Muka shiga tasi zuwa Kawo. Tsakar rana ce, lokacin cin abinci. Ginin yana tsaye, sabo fil, an tokare dekin da gora da katako, ƙarƙashinsa inuwa mai sanyi. Amma babu kowa a inuwar. Leburori duk suna waje a cikin rana, sun juya wa ginin baya, suna cin shinkafarsu.

Kawu ya kira babban magini gefe. "Ya na ga mutanenka a rana, ga inuwa?"

"Malam, sun fi son iska."

"Buhu nawa?"

Magini ya dubi ƙafarsa. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa. "Saba'in suka fita. Na faɗa wa Oga, Allah ya sani na faɗa masa. Ya ce injiniya ya riga ya duba rodi ya sa hannu, mu zuba kawai. Malam, ina da 'ya'ya bakwai."

"Na sani," in ji Kawu. "Na san sunayensu."

Rigimar da aka yi da yamman nan a ɗan ɗakin lissafi, ina zaune a kusurwa aka yi ta, sun manta da ni. Abba bai musa ba. Ya ce aro ya yi, ya ce da bai gama gidan ba da leburori ba su ga albashi ba, da banki ya sa wa gidanmu kwaɗo. Muryarsa tana hawa.

"Kai kana zaune a gindin fanka kana ƙirge-ƙirge, ni nake fita in sha rana in sha wulaƙanci! Gine-gine nawa aka yi haka a garin nan, ga su nan tsaye?"

"Ban rubuta nasu ba, Alhaji."

"To rubuta nawa. Ɗari biyu da arba'in, ga rasit. Ka rufe littafi ka shirya takardar neman biyan ƙarshe."

"Ɗari da saba'in ne a saman can. Shi zan rubuta. A fasa a sake zubawa, zan nemo maka inda kuɗin zai fito."

"A fasa? Ka san abin da kake faɗa? Ka san me za a ce da ni a garin nan?"

"Na san abin da za a ce in ya sauko da kansa."

Abba ya buga tebur. "Ajiye min makullina!"

Kawu ya laluba aljihu, ya ajiye makullin kabad a kan tebur a hankali. Ya miƙe, ya ce, "Uwata, riƙe min hannu zuwa titi." Bai taɓa neman a riƙe masa hannu ba. Na riƙe shi har bakin titi.

Bai ƙara taka gidanmu ba. Umma ta tambaya, Abba ya ce idonsa ne ya matsa masa, ya ba shi hutu. Ni kuma ban ƙaryata shi ba. Bayan kwana goma ciwon ƙirji ya kayar da shi a alwala, aka kai shi asibiti. Abba ne ya biya komai. Yakan zo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Malam, ya jiki?" Kawu ya ce, "Da sauƙi, Alhaji." Daga nan sai Abba ya juya.

Ni nake kai masa abinci da rana. Wata rana matarsa ta fita salla, ya ce in yago takarda. Numfashinsa yana yankewa, amma lambobin suna fitowa tsaf. Kuɗin fasawa da kwashe ɓaraguzai. Siminti a farashin makon nan, da ƙari saboda zai hau. Tsakuwa, katako, ƙusa, ladan magina. Rodi za a iya miƙe mafi yawansa a sake amfani da shi. Na tara, ya sa na sake tarawa. Sannan ya ce in ja layi in rubuta inda kuɗin zai fito: kason da ake riƙe wa ɗan kwangila sai gini ya yi wata shida, na wani tsohon aiki, ya kusa fita; filin da Abba ya saya a bayan gari; albashin Kawu na wata uku da bai karɓa ba; da babur ɗinsa.

"Kawu, bai kai ba."

"Na sani. Rubuta motar Alhaji a ƙarshe."

"Ba zai yarda ba."

"Kin tambaye shi?" Ya huta. "Ubanki ba mugu ba ne, Uwata. Tsoro ne ya kama shi, bai ga ƙofa ba. In na tashi ni zan kai masa. In ban tashi ba, kada ki yi masa wa'azi. Ki miƙa masa takardar kawai."

Bai tashi ba.

Washegarin addu'ar bakwai Abba ya kira ni, ya sa min makullin kabad a hannu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ke kika san hannunsa. Ki rufe littafin makaranta, ki shirya takardar biya. Ranar Litinin zan kai."

Kwana uku na yi a ɗakin nan da biro a hannu. Abin da Kawu ya koya min ya zame min azaba, don na kasa daina lissafi. Aji uku a sama, uku a ƙasa. Kowane aji yara hamsin, ko fiye. Ga nauyin benci, ga tsalle-tsallen lokacin hutun tara, ga gudu a kan matakala in an kaɗa ƙararrawa. Duk sanda aka yi tsawa sai in tuna da dekin nan. In ruwa ya sauko, sai in ga yana ratsa yashin nan yana neman rodi. Na daina iya zama a ƙarƙashin kowane bene. Umma ta aike ni kanti, na tsaya a waje na kasa shiga.

Kuma ina tsoron Abba. Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ina tsoron a ɗaure shi in magana ta fita. Ina tsoron Umma ta san abin da ya shiga tsakanin mijinta da yayanta, tana cikin wannan hali. Sau biyu na ɗora biro a kan shafin. Ɗari biyu da arba'in, lamba uku ce kawai, ko numfashi ɗaya ba za ta ci ba. Na faɗa wa kaina injiniya ya fi ni sani. Na faɗa wa kaina wata mai zuwa zan tafi jami'a, ba zan ma ji labari ba. Sai in tuna leburorin nan a cikin rana.

Ranar Lahadi da safe, bayan ya karya kumallo, na shiga falonsa na durƙusa. Na gaishe shi. Na miƙa masa takardar asibiti.

"Mene ne wannan?"

"Kawu ne ya ce in ba ka."

Ya karanta layin farko, fuskarsa ta canja. "Littafin fa?"

"Abba, ka yi haƙuri. Hannuna ya ƙi."

"Ke ma?" Ya cilla min takardar. "Ni za ki koya wa gini? Shekara nawa ina wannan aiki kafin a haife ki? Ɗauko mayafinki ki shiga mota. Yau za ki gani da idonki."

Muka kama hanyar Kawo. Ya biya ya ɗauki babban magini a ƙofar coci, ko canja kaya bai bari ya yi ba. An riga an cire gora da katako. An yi fenti, an shafa baƙin allo, an jibge sababbin bencina a ajin tsakiya na ƙasa, ƙananu, masu kai wa gwiwata. An yi ruwa da asuba, ya shiga azuzuwan sama ta tagogi ya kwanta a kan dekin. A saman ajin akwai wani tabo mai duhu kamar faɗin tabarma, ruwa yana taruwa a tsakiyarsa yana ɗiga a kan benci, ɗis, ɗis.

Abba ya ce in tsaya nan. Ya hau matakala. Na ji takunsa a kaina, sannan na ji ya yi tsalle ya dira, ya sake, ya sake. Na toshe bakina da mayafi. Ya sauko yana haki.

"Kin gani? Ya motsa?" Ya juya ga magini. "Ɗauko guduma ka hau ka buga mata, ta ji ƙarar kankare, ta bar ni in huta."

Magini ya ɗauko guduma daga ɗakin ajiya. Ya zo gindin matakala ya tsaya.

"Me kake jira?"

"Oga, bari yarinyar ta fita waje tukuna."

Babu wanda ya motsa. Ruwan yana ta ɗiga. Abba ya dubi magini, ya dubi sama, ya dube ni ina tsaye a tsakanin bencina. Sai ya kama hannuna da ƙarfi har ya yi min ciwo, ya ja ni waje, bai sake ni ba sai da muka kai tsakiyar fili.

Magini ya hau, ya je bakin baranda, ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya. Ba ta yi ƙara ba. Wani sauti ta yi kamar an bugi buhun gero. Gutsure kamar kan mutum ya ɓalle ya faɗo gabanmu ya tarwatse. Abba ya sunkuya ya ɗauki wani yanki, ya matsa da yatsu, ya rugurguje, yashi ya zubo ta tsakanin yatsunsa a kan takalminsa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

A hanyar komawa, daidai tashar Kawo, ya gangara gefen titi ya kashe mota. 'Yan kamasho suna ta ihun garuruwa, masu talla suna leƙo mu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Nawa ya ce?"

Na warware takardar, na karanta masa jimla. Ya rufe ido.

"A ina ya ce za a samo?"

Na karanta. Da na zo kan albashin Kawu da babur ɗinsa, ya ce in dakata. Na dakata. Can ya ce in ci gaba.

"Saura ɗaya, Abba."

"Karanta."

"Motarka."

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya ce, "Allah ya ji ƙanka, Malam." Ranar Litinin aka fara fasawa.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. An buɗe makaranta babu sababbin azuzuwa, yara suka koma tsofaffin rumfunan kwano, iyaye suna zagin ɗan kwangilar da ya rushe gini ana gab da shiga. Masu makaranta sun aiko da takarda suna neman bayani, kuma mun ji an ce ba za a ƙara ba Abba aiki ba. Wasiƙun banki ba su daina zuwa ba, na ƙarshe ya ambaci gidan da muke ciki. Umma ta sani yanzu; Abba ne ya faɗa mata da bakinsa, ta yi kwana uku ba ta fito daga ɗaki ba. Ni na ɗage tafiya jami'a zuwa baɗi. Tsakanina da Abba gaisuwa ce da lambobi, ban san ko ya yafe min ba, ban kuma san inda za mu kasance in damina ta zagayo ba. Jiya da safe na hango shi a bakin titi cikin babbar riga, yana ɗaga wa bas hannu, biyu suka wuce shi a cike.

Ya Allah, bawanKa ya mutu yana tsoron abin da zai faɗo a kan 'ya'yan mutanen da bai sani ba. Ka sassauta masa ƙasar da ke kansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka yi masa hisabi mai sauƙi. Mu da muka rage, Ka riƙe mu. Amin.